Yayin tsohon kaya a gidajen kofi na Faransa, da wanda zai yi a Yamai

Ƴan uwa masu shirin buɗe wurin shan shayi ko kanti a Yamai da Tawa, ga bayanin abin da kuke gani a hotunan gidajen kofi na nan Faransa da Belzik: kujeru kowace da irinta, teburi mai ƙafar keken ɗinki, madubi da ya yi tabo, fitila mai jan haske. Ba talauci ya kawo haka ba. Mai wurin ya zuba kuɗi, kuma ya san zai fanshe, domin a nan zama ake saya. Kofi ɗaya farashinsa a tsaye gaban kanta daban, a zaune ciki daban, a bakin titi daban.

Kayan suna da kasuwanninsu. Akwai ta Saint-Ouen a arewacin Paris, wadda ke ci Asabar da Lahadi da Litinin. Akwai ta filin Jeu de Balle a Burusel, kullum da safe. Akwai babbar kasuwar Lille ta ƙarshen makon farko na Satumba. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai ya nufi shagunan Emmaüs, ƙungiyar da Abbé Pierre ya kafa a 1949, inda ake sayar da kayan da mutane suka bayar kyauta. Wajen yawan kaya kasuwar Katako ta Yamai ba ta jin kunyar kowace daga cikinsu. Inda aka bar mu shi ne hidima: a shagunan nan ana ware kaya, a wanke, a gwada na lantarki, a manna farashi, kuma mai sayarwa na kirki zai nuna maka inda aka yi gyara. A gida tsohon ƙarfe ma'auni yake hawa, ya ƙare a hannun maƙera.

Kujeru biyu ne suka cika waɗannan wurare. Ta farko ita ce ta Thonet mai lamba 14, wadda Michael Thonet ya fitar a Biyana a 1859: guntayen itace 6 da aka turara aka lanƙwasa, sukuru 10, noti 2, shi ke nan. Idan an warware ta, guda 36 na shiga akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, abin da ya sa ta bazu duniya. Ta biyu ita ce Tolix, ta Xavier Pauchard, wadda aka fara ƙerawa a Autun a 1934 da ƙarfen da aka tsoma a ruwan tutiya irin na kwanon rufi. Mazauninta na da huji don ruwan sama ya zube, ana kuma ɗora su bisa juna. Sabuwa ta asali ta haura yuro 200, wato sama da jaka 131 ta sefa, kujera ɗaya tak.

Shawarata, kada wanda ya ɗauko tsohon katakon Turai ya kai Nijar. Itacen ya shekara ɗari cikin iska mai laima. Hunturu ɗaya a Tawa ya isa ya tsotse shi: gam na da ya saki, siririn katakon da aka liƙa a saman teburi ya ɗago, saƙar mazauni ta bushe ta tsinke a zama ɗaya. Abin da hunturu ya bari gara ta ƙarasa. Ga kuma ƙwaron katako da ake shigowa da shi ba a sani ba; alamarsa ƙananan huji na milimita 1 zuwa 2, kuma in ka buga ƙafar kujera ka ga farin gari ya zubo, yana nan da ransa. Ƙarfe shi ne ke jure ƙasarmu, sai dai kujerar ƙarfe da ta wuni cikin rana a watan Afirilu ba ta zaunuwa. Sai da rumfa, sai da matashi, kuma matashin fata na dukawan Tawa ya fi duk wanda ake sayarwa a nan kyau.

Jabu ya yi yawa, musamman na intanet. Tsufan gaske yana inda hannu da ƙafa ke taɓawa: saman jingina, sandar da ake ɗora ƙafa, bakin aljihun teburi. Na jabu an bi shi da samfefa ko'ina daidai wa daida. A duba sukuru: tsoffin kaya masu tsaga ɗaya ne, mai kan gicciye na baya-bayan nan ne. A kifa kujerar Thonet a nemi hatimi ko takarda a cikin zoben mazauni.

Abin da ya fi ba da haushi shi ne rabin kayan nan muna da su a ɗakunan iyayenmu. Langa da tasa da fanteka na jeren amare, gadon ƙarfe mai rumfa, akwatin ƙarfe, fitilar ƙwai, dutsen guga na gawayi, tsohuwar rediyo. Kujerar fada ma, ta rodi mai saƙar igiyar roba, ƙanwar wadda ake kira Acapulco ce, ta Meksiko, da ake sayarwa da tsada a kantunan Paris, alhali kowane mai walda a Yamai zai haɗa maka ita. Ƙafar keken Singer kuwa teburi ce tsaf: a cire kan keken, a ɗora katako ko marmara yadda tsayi zai kai santimita 72 zuwa 75, kujera kuma 45. A ɗaure mataki da ƙafar juyawa da waya, in ba haka ba yaro zai sa yatsa.

Gyaran tsohon ƙarfe ba wuya, gaggawa ce ke ɓata shi. A kankare tsatsa da burushin ƙarfe, a bi da samfefa mai lamba 80, sannan 120, ana jiƙa ta da ruwa, saboda tsohon fenti sau da yawa yana da dalma, kuma ƙurarta guba ce, ga yara musamman. A wanke, a bari ya bushe sarai. Sai fentin hana tsatsa, shafa biyu marasa kauri, kwana ɗaya tsakani. Wanda ke son launin da ya kasance ya tsallake fenti, ya shafa berni marar ƙyalli ko kakin zuma. A yi aikin a inuwa da sassafe: a rana saman fenti ke bushewa cikinsa na ɗanye, sai ya yi ƙuraje ya ɓare, in kuma iska ta taso ƙura ta manne.

Tsohuwar fitila, jikinta kawai ake so. Wayarta ta zare da mariƙin ƙwai a zubar, a sa sabbi na bolt 220, in jikin ƙarfe ne a haɗa masa wayar ƙasa. Ƙwan LED mai zare a ciki na wat 4 yana ba da jan hasken nan ba tare da zafi ba, kuma batirin sola na ɗaukarsa in an ɗauke wuta.

Masaukan hutu ma haka suke yi. Gidajen baƙi na ƙauyukan Faransa da tsoffin gidaje masu tsakar gida na Marakesh suna barin gado da ƙofa da kabad na da, amma katifa da famfo da bayan gida sabbi ne fil, kuma a kansu baƙo ke yanke hukunci. Mai masauki a Yamai ya kula da wannan kafin ya sayi ko fitila ɗaya.

Langa da tasa kuma, wadda fentinta ya ɓantare ta tsaya a kan kanta don ado ko zuba sukari mai ƙwaya. Kada a zuba mata fura da nono ko kunun tsamiya, domin tsami na cin wurin da ya ɓantare, kuma tsohon fenti ja da rawaya na iya ɗauke da dalma. Na shan shayi a nemi kofunan gilashi na Duralex, waɗanda ake yi kusa da Orléans. Gilashinsu gasasshe ne, yana ɗaukar tafasasshen shayi, in ya fashe kuma ƙananan gutsattsari yake yi, ba masu tsini ba.