Gargaɗi ga Masu Ɗura Harsashi a Amurka: Shagunan Bogi Sun Cika Intanet

Jama'a, wannan saƙo na 'yan uwanmu ne mazauna Amurka masu wasan harbin auna bara, musamman masu ɗura harsashinsu da kansu don bindigar AR-15 da ire-irenta. Akwai 'yan damfara da suka buɗe shagunan ƙarya a intanet suna tallan albarushi da firaima (ƴar hular gindin harsashi mai kunna albarushi) da dogayen kan harsashi, alhali ko ƙwaya ɗaya ba su da ita.

Abin ya yi ƙamari ne daga 2020. A shekarar hukumar FBI ta yi binciken cancantar sayen bindiga sau kusan miliyan 40, kamfanin Remington mai ƙera bindiga da harsashi ya karye, masana'antu kuma suka karkatar da firaimarsu wajen haɗa nasu harsashin. Firaima dubu da ake saye dala talatin da wani abu ta haura dala ɗari, in ma an same ta. Kasuwa ta ɗan lafa daga baya, amma ɓarayin ba su tafi ba.

Sun san abin da mai irin wannan bindiga ke nema. Suna sa hoton Varget, albarushin da ake yi a Ostareliya, kamfanin Hodgdon na Kansas yake sayarwa, wanda yakan yi watanni babu shi a manyan shaguna. Suna sa CCI lamba 41, firaima mai taurin baya da aka yi don bindigogi masu ɗura kansu. Suna sa kan harsashi na Sierra MatchKing mai nauyin giren 77, wanda kowa ke so domin duk da tsawonsa yana shiga gidan harsashin AR-15, da ba ya ɗaukar abin da ya wuce inci 2.260. To idan manyan shaguna irin su MidwayUSA da Brownells da Powder Valley duk sun rubuta babu, sai ga wani shago da ba ka taɓa jin sunansa ba yana da komai jibge, har da rangwame, daga ina ya samo?

Wurin biyan kuɗi ne asirinsu ke tonuwa. Za ka cika kwando lafiya lau, da ka zo biya sai a ce na'urar kati ta samu matsala, ka tura ta Zelle ko Cash App ko Bitcoin. Wasu ma katin kyauta suke nema. Dalilin a fili yake: mai katin bashi yana iya kai ƙara banki a dawo masa da kuɗinsa, amma Zelle ba ta da kariyar mai saye, kuɗin da ka tura da hannunka ya tafi ke nan. Wanda ya ce ka biya ta PayPal a matsayin aike ga dangi shi ma haka, don PayPal ta hana cinikin harsashi tun farko. Kuma ba sa tsayawa a karo ɗaya. Bayan kwana biyu sai saƙo ya zo wai kayanka sun maƙale a hanya, ka biya kuɗin inshora da za a mayar maka, har da lambar bin sawu ta wani kamfanin sufuri da su suka ƙirƙire shi. Mutum yana jin zafin na farko sai ya ƙara na biyu.

Ku lura da maganar aike. Albarushi da firaima kaya ne masu haɗari a dokar sufuri, gidan waya na Amurka ba ya ɗaukarsu, sai UPS ko FedEx ta mota, da kuɗin haɗari na daban. Duk shagon da ya ce zai turo ta gidan waya, ko ta jirgi gobe da safe, ko zai kai kowace ƙasa a duniya, ƙarya yake yi. Na 'yan gida Najeriya ma ba ta taso ba: dokar makamai ta 1959 ta hana shigo da irin wannan kaya ba lasisi.

Kafin ka tura ko sisi, duba shekarun shafin a WHOIS, rumbun da ke nuna ranar rajistar shafukan intanet. Shagon da ke cewa ya shekara ashirin, sai ka tarar wata uku ke nan da rajistarsa. Sa adireshinsu a taswira, sau da yawa fili ne ko gidan wani bawan Allah da bai san ana yi ba. Lambar wayar kuma WhatsApp kawai take amsawa.

Akwai wanda a ganina ya fi waɗannan muni, shi ne mai sayar da albarushi a buɗaɗɗiyar jarka, a wurin baje kolin bindigogi ko ta hannun wani. Takardar jiki tana cewa na doguwar bindiga ne, na ciki kuwa Allah kaɗai Ya sani. Idan na ƙaramar bindiga ne mai saurin ci, bindigar za ta fashe a fuskarka. In hatimin murfi ya karye, bar masa kayansa.

Ɗalibai da masu bizar ziyara, ku sani dokar tarayya tana lissafa firaima da albarushi a matsayin harsashi, kuma ba a yarda ku mallaka ba sai da keɓancewa irin ta lasisin farauta.

Wanda aka riga aka cuta, ya kira bankinsa yau, ya adana duk saƙonnin, ya shigar da ƙara a IC3, sashen FBI mai karɓar ƙarar damfarar intanet, da kuma FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye. Idan wani ya tuntuɓe ka wai zai ƙwato maka kuɗin in ka ba shi wani abu, kada ka kula shi, su ne dai suka dawo.