Shagon maganin feshi da nake saye a Funtua

Damina uku kenan nake sayen maganin ciyawa da taki a wani shago kusa da kasuwar Funtua saboda gonar audugata. Gaskiya mai shagon bai taɓa bani jabu ba, kuma yana tsayawa ya maka bayani, shi ya ce min Malam kar ka kuskura ka fesa glyphosate, maganin da ke kashe ciyawar da ta riga ta fito, bayan auduga ta tsiro zai ƙone ta, pendimethalin kuma, mai hana ciyawa tsirowa, a fesa shi da an gama shuka ƙasa na da danshi. Na bi maganarsa, harkiya ta ragu sosai amma aya-aya ko gezau, dole sai da na sa 'yan ƙwadago noman farko da maimai, su ma kuɗinsu ya tashi.

Abinda ke damuna farashi ne wallahi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 duk zuwan da zan yi sai na tarar litar maganin ta ƙara kuɗi, buhun yuriya kuwa ba a magana, ga auduga na son feshin tsutsa akai-akai, sannan mai shagon baya bada bashi ko zuwa kaka. Kayansa dai masu kyau ne, amma ka je da wuri, da damina ta kankama pendimethalin ke ƙarewa.