Kafin ka sayi mota mai caji a Katsina, leƙa bakin cajinta tukuna

Jama'a tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 maganar motar lantarki ta shigo majalisu a garin nan, kullum sai wani ya tare ni wai wacce zai saya, Tesla ko BYD ko Leaf, kuma kusan kowa abin da yake fara tambaya shi ne kilomita nawa take ci in an cika ta. Ni kuma abin da nake fara cewa shi ne dan Allah Alhaji buɗe murfin wurin cajin ka ga wane irin baki ne da ita, don wallahi wannan ɗan ramin shi ne zai nuna ko za ka ji daɗin motar ko kuwa za ka dinga yawo da adafta a but kana addu'a a gaban kowace caja.

Caji iri biyu ne. Akwai na gida da wutar NEPA, in soket ɗin bango ne kawai kamar kilowat 2 yake bayarwa, batir mai kilowat-awa 60, wato awon yawan wutar da yake iya ɗauka, sai ya kwana ya wuni bai cika ba, in kuma ka sa akwatin caji na bango mai kilowat 7 to kamar awa 9 ne, ka jona da isha'i ka tashi da safe ta cika in wuta ta zauna. Sai cajin sauri na tasha wanda yake zuba wuta kai tsaye cikin batir, caja mai kilowat 60 za ta ɗaga ka daga kashi 20 zuwa 80 cikin kamar minti 40, daga 80 kuma sai ta fara jan ƙafa da gangan don kare batir. Zirga-zirgar cikin gari ko zuwa Daura da dawowa cajin gida ya wadatar. Amma Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne, zuwa da dawowa 340, ga esi a kunne tun daga Charanchi har Bichi, ga gudu, to nan lissafi yake fara matsewa, Abuja kuwa da ta haura kilomita 500 babu maganar zuwa ba tare da cajin sauri a hanya ba. A nan ne baki yake zama komai.

Tsohuwar Nissan Leaf na fara cirewa. Bakinta CHAdeMO ne na Jafan wanda duniya ke barinsa, batirinta kuma ba shi da ruwan sanyaya shi, tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka suke kukan zafi ya cinye musu batir, to ina ga zafin Afrilu na Katsina da ke haura digiri 40. Arha gare ta, shi ke nan.

Motocin Amurka da ba Tesla ba da aka yi kafin 2025 yawancinsu bakin CCS1 gare su, su ma adafta za ka nema, ban ga dalilin wahalar ba.

Tesla dai mota ce, ba mai musu, amma abin da ya sa ake yabonta a can shi ne tasoshinta na cajin sauri da ake kira Supercharger, mu kuma babu su a Najeriya, ka ga rabin daɗin an bar shi a Amurka ke nan. Ta Amurka bakinta daban ne, wanda yanzu ake kira NACS, ta Turai irin Model 3 CCS2 ce, wadda aka yi don kasuwar Chana kuma GB/T, saboda haka kalmar "Tesla ce" ba ta gaya maka komai ba sai ka san daga ina aka ɗauko ta. Kuma tsofaffin na Amurka da yawa, musamman na kafin ƙarshen 2020, ba sa karɓar adaftar CCS sam sai an canza musu wani ɗan allo a ciki, akwai wurin da motar ke nuna wannan a shafin bayanan manhaja a kan allonta, ka sa dila ya buɗe maka ka gani da idonka. In kuma ta gwanjo ce wadda ta yi hatsari inshora ta sallama ta, ka sani kamfanin yana iya kashe mata cajin sauri daga can inda yake, ba bakaniken da zai kunna maka shi a nan.

Ni wadda nake so, kuma ba na ɓoyewa, ita ce motar da ta fito daga masana'anta da bakin CCS2 nata na kanta, kuma a cikinsu BYD Atto 3 ce ta kwanta min. CCS2 baki ɗaya ne mai hawa biyu, na sama shi ne Type 2 na cajin gida, in za a yi cajin sauri sai a cire ɗan murfin ƙasa a soka babban kai ya haɗe duka, babu wani abu a tsakani, caja da mota suna magana kai tsaye, ka soka ka ji ƙas ta kulle ka tafi ka yi sallah ka dawo. Shi ne bakin Turai da Afirka ta Kudu da ƙasashe da dama, kuma an yi shi ne don irin wutarmu mai bolt 230, har mai layi uku yana ɗauka in motar tana da wannan tsarin. Batirin Atto 3 kilowat-awa 60 ne da ɗoriya a samfurinta mai babban batir, irin wanda ake kira LFP, ya fi jure zafi kuma ba ya jin haushin a cika shi zuwa ɗari kamar sauran, wanda a wurinmu babban abu ne domin in wuta ta zo ba ka san yaushe za ta koma ba, cikawa kake so ka yi kawai. Tana kuma iya ba da wuta waje, in an ɗauke NEPA ka jona fanka da firij da talabijin a jikinta, wannan kaɗai sai da ya sa uwargida ta daina yi wa motar kallon almubazzaranci. Tun 2025 kuma BYD ta shigo Najeriya a hukumance ta hannun kamfanin CFAO, ma'ana akwai inda za ka kai ƙorafi da takardar garanti. Aibinta shi ne cajin saurinta bai wuce wajen kilowat 88 ba, ko ka jona ta a caja mai 150 iya abin da za ta sha ke nan, amma ni wannan bai dame ni ba, nawa ne ma cajojin da ke ba da abin da aka rubuta a jikinsu. Hyundai Kona ma ba laifi, kamfanin Stallion ya taɓa harhaɗa ta a Legas, sai dai in tsohuwa ce ta waje ka tambaya ko an canza mata batir a kiranyen gyara da Hyundai ta yi a 2021.

To ga inda ake cin mutane. Wannan Atto 3 ɗin a cikin Chana sunanta Yuan Plus, jiki ɗaya, fuska ɗaya, amma bakinta GB/T ne, ramuka biyu daban, ɗaya na gida ɗaya na sauri, kuma su ne suka fi shigowa ta hannun masu oda don sun fi sauƙin kuɗi. Ba haramun ba ne ka saye ta, akwai tasoshin da ke da kan GB/T, in hanyar da kake bi irinsu ne a kai to ka huta. Abin da ke ƙona min rai shi ne dilan da zai ce maka "Alhaji ba matsala, ga adafta kyauta, ko'ina za ka yi caji". Sau da yawa abin da zai miƙo maka ɗan ƙaramin adaftar cajin gida ne, roba da ƙarfe kawai ba komai a ciki, ko kusa ba zai shiga kan cajar sauri ba, sai ka je Kaduna batir na kashi 12 sannan ka gane. Haka kuma zai ce maka tana cin kilomita 510, wannan awon Chana ne mai sassauci, batir ɗin nan dai a awon Turai 420 aka rubuta masa, a titinmu da esi kuma ka rage wani abu a kai.

Adaftar cajin sauri ta gaskiya tsakanin CCS2 da GB/T ba mahaɗin waya ba ce, tafinta ce, domin caja da motar ba yare ɗaya suke yi ba, dole a samu mai fassara a tsakani ya ce batir ya kai kaza, ƙara wuta, rage wuta, tsaya, kuma in tafinta ya yi kuskure ko ya yi shiru ciniki ya watse. Shi ya sa za ka ga tana da allon kwamfuta a ciki da ɗan batirinta da ake cajawa da wayar USB, in wannan ɗan batirin ya mutu a but to ba za ta tashi ba, kuma tana buƙatar a dinga sabunta mata manhaja don za ta iya yi a wannan tashar ta ƙi yi a ta gaba. Kuma hanya ɗaya take bi, wadda ke kai wuta daga cajar CCS2 zuwa motar GB/T daban, mai yin akasin haka daban, masu sayarwa a intanet da yawa ko su ba su san bambancin ba, hoto kawai suke turawa.

Ni an taɓa sayar min da ta jabu lokacin ina da mota mai GB/T, kwali mai kyau, takarda a jiki an rubuta amfiya 250, mai shagon har da rantsuwa. Ana cikin caji na ji ƙaurin roba, na taɓa jikinta hannu ba ya iya zama, da aka zare sai ga ƙarfen ciki ya yi baƙi robar gefensa ta narke, bakin motar ma ya samu tabo, na koma wurinsa ya ce wai cajar tashar ce ta yi ƙarfi. Ku duba lissafin, bolt 400 sau amfiya 200 kilowat 80 ke nan yake ratsa wasu ƙarafa biyu masu kaurin yatsa, in jan ƙarfen ba mai kyau ba ne ko bai kama da kyau ba zafi ne zai taru a wurin, ta gaskiya tana da na'urar jin zafi da za ta rage wuta ko ta yanke, ta jabu babu, haka za ta ci gaba har ta cinye kanta. Ga maƙalli, in bai kulle da kyau ba aka fizge ana cikin zuba wuta tartsatsin da zai tashi ba na wasa ba ne, irin wannan wutar ba ta mutuwa da sauƙi kamar ta gida. Ko kamfanin Ford da kansa a 2024 sai da ya ce wa wasu masu motocinsa su daina amfani da wani rukunin adaftar da shi ya raba musu, to in na kamfani ya iya samun matsala ina ga wadda ba suna ba lamba. Kuma in ta ƙona maka baki kar ka sa ran garanti, masu mota ba sa ɗaukar ɓarnar adaftar da ba su amince da ita ba. Araha dai ba ta ado.

In dole sai ka saya, ka ɗaga ta ka ji nauyi, ta gaskiya tana da nauyi sosai, ka nemi sunan kamfani da lambar da aka buga a jikin robar ba takardar da aka manna ba, ka tambayi mai sayarwa wa zai turo maka sabuwar manhaja in ta ƙi yi a wata tasha, in ya fara kame-kame ka ajiye masa kayansa. Kar ka biya sai an gwada a motarka a caja ta gaske an bar ta ta yi minti 20 ko fiye kana taɓa jikinta, ɗumi ba komai, zafin da hannu ba zai zauna ba kuwa a tsayar. Kuma dan girman Allah kar a haɗa adafta biyu a jere, na ga wanda ya yi, kar a ara ta wani da ka ga ramukanta sun yi baƙi, ƙurar hunturu ma in ta cika ramukan tana hana su kamawa, ka dinga rufe ta a jakarta.

Su kansu tasoshin sai da haƙuri. Tun 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta buɗe tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato lokacin da Jelani Aliyu ke shugabantarta, daga baya 'yan kasuwa suka shigo, amma abin da na gani a tafiye-tafiyena shi ne a rubuta kilowat 120 a jikin caja, in mota biyu suka jona sai a raba muku, wani wurin ka tarar ba wuta ana jiran a tada janareta, wani wurin biya sai ta manhajar waya ga netwok ya ɗauke. Ka kira su kafin ka baro gida, ka ce a turo maka hoton kan cajar ba hoton allon talla ba, kuma ka isa da ragowar da za ta kai ka wani wurin in nan ya ƙi.

A gida kuma kafin mota ta iso ka kira mai aikin wuta na kirki ya ja mata layinta daban tun daga mita, kilowat 7 amfiya 32 ne, siririyar wayar da aka ja wa fanka ba za ta ɗauka ba, a kafa wayar ƙasa da kyau don cajoji da yawa ba sa tashi in babu ita. In unguwarku wutar KEDCO rauni gare ta ko kuma sola za ka dogara da ita, ka sayi akwatin da ake iya rage masa amfiya zuwa 10 ko 16, domin inbata mai 5kVA ba za ta ja kilowat 7 ba, kashe kanta za ta yi, gara ka bar motar tana sha a hankali tun daga hantsi har la'asar lokacin da rana ke kan farantin sola.