Sikelin Miligiram 0.1 a Aikin Awon Haidirojel

Na shafe watanni ina amfani da wani sikelin ɗakin gwaje-gwaje mai ɗaukar giram 220, wanda ke nuna nauyi har zuwa miligiram 0.1, wajen bibiyar yadda haidirojel na jelatin, wato wani abu mai laushi da ke shan ruwa ya riƙe shi, ke kumbura da yadda yake zaizayewa.

A awon kumbura ban ga abin kushewa ba. Akan jiƙa samfurin a ruwan gishirin PBS, wanda ke kwaikwayon ruwan jiki, mai pH (ma'aunin tsami) 7.4 a zafin digiri 37, a tsamo shi da hantsaki, a ɗan dangwala shi a takardar tacewa domin tsane ruwan da ke bisansa, sannan a ɗora a sikeli. Ana cire busasshen nauyi daga jiƙaƙƙen nauyi, a raba abin da ya rage da busasshen nauyin. Tunda samfurin kan sha ruwa ninkin nauyinsa sau da yawa, ɗan kuskuren sikelin ba ya taɓa sakamakon. Ƙofofin gilashin sikelin suna tare iska yadda ya kamata, kuma yana daidaita kansa idan zafin ɗaki ya sauya.

Sai dai jiƙaƙƙen samfuri ba ya barin lamba ta tsaya, domin ruwa na ƙafewa tun yana kan faranti, lambar ƙarshe kuma tana ta sauka a gaban idonka. Wannan ba laifin na'urar ba ne, amma ya sa na daina jiran alamar tsayuwa, na koma karanta awo a daƙiƙa ta goma kowane lokaci.

Inda sikelin ya gaza shi ne awon zaizayewa. Bayan an narkar da wani sashe na jelatin da sinadarin kolajines, an ɗauraye gishirin PBS da tataccen ruwa don kada ya ƙara nauyi, an kuma busar da ragowar a injin busarwa ta daskarewa, abin da ke saura wani lokaci bai wuce miligiram 3 ba. A nan kuskuren miligiram 0.1 ya haura kashi 3 cikin ɗari, ga kuma lantarkin da ke maƙalewa a jikin bututun robar da ake auna samfurin a ciki yana sa lamba ta riƙa yawo, sikelin kuwa bai zo da na'urar kawar da shi ba. Dole ta sa na koma ƙananan kwalaben gilashi, na kuma ƙara girman samfuran, abin da ya ci mini jelatin da kolajines fiye da yadda na tsara tun farko.