Motar shiga ayari a Kebbi: Lexus, Land Cruiser, Mercedes ko Range Rover?

Duk wanda ya ƙuduri shiga ƙungiyar masu manyan motoci a Birnin Kebbi, kafin ya kira dillali ya fara tambayar shugabannin ƙungiyar inda suke zuwa a shekara. A nan amsar motar da zai saya take. Zaman wata-wata da biyan kuɗin asusu kaɗan ne daga harkar irin waɗannan ƙungiyoyi, mafi yawanta a kan hanya ake yi. Ɗaurin auren ɗan memba a Jega ko Bunza, ta'aziyya a Kamba, gaisuwar Sallah, ziyarar hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a Gwandu, kai kayan buɗa-baki gidan marayu da azumi. Sai kuma manyan fita: bikin kamun kifi na Argungu a kogin Matan Fada, Rigata a Yauri, Uhola a Zuru. Duk a ayari ake tafiya, kuma ayari ba ya wuce saurin motar da ta fi kowace rauni. Mota ɗaya ta tafasa tsakanin Jega da Koko, to kowa ya tsaya a rana, a can kuma a shafa fatiha babu su.

Abu uku ke cin mota a wannan yanki. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40. Ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska da ta na'urar sanyaya mota. Sai ƙarshen tafiya, inda kwalta ke ƙarewa a shiga yashi ko laka, domin gidan biki da bakin kogi ba kasafai suke kan titi ba. Wannan na ukun shi kaɗai ya isa ya cire Mercedes S-Class da E-Class daga lissafin wanda mota ɗaya zai saya. Motoci ne masu daɗin zama, sun dace da ɗauko baƙo daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello zuwa masauki, amma cikinsu yana kusa da ƙasa, kuma filin ajiye motoci a Argungu ranar kamun kifi ba wurinsu ba ne. Mai halin mota biyu ya ajiye ɗaya don cikin gari.

Lexus LX570 da Land Cruiser 200

Waɗannan biyu uwa ɗaya uba ɗaya ne. An ƙera su daga wajen 2008 zuwa 2021, gangar jiki a kan firam na ƙarfe irin na motar ɗaukar kaya. LX570 tana da inji V8 mai lita 5.7, Land Cruiser kuwa ana samunta da wannan injin, ko V8 mai lita 4.6, ko V6 mai lita 4.0, ko V8 na gas mai lita 4.5. Babban bambancinsu a ƙafa yake. Yawancin Land Cruiser sifirin ne da shokzoba na gargajiya, wanda kowane bakanike ya sani. LX570 kuwa tana hawa da sauka da wani mai na musamman da famfo ke turawa, tsarin da ake kira AHC. Yana da ƙarko in an kula da shi, amma abin da ke kashe shi guda biyu ne: barin man ya tsufa, alhali ana canza shi duk bayan kilomita wajen 96,000, da kuma zuba masa man birki ko man giya don ba a samu nasa ba. Wanda ya yi haka ya lalata robobin ciki gaba ɗaya. A wurin saye, a danna maɓallin daga ƙasa zuwa sama a ga ko ta ɗaga ba tare da jan lokaci ba, sannan a bi ta kan tudun rage gudu. In ta riƙa tsalle kamar kwale-kwale, ƙwallayen iskar da ke tausasa ta sun mutu.

Injin 5.7 ba ya yawan ba da wahala, sai dai a duba masa wuraren ruwa. Saman lagireto na roba ne, kuma yana tsagewa a tsakiya kusa da inda aka buga lamba. Famfon ruwa yana ɗiga, alamarsa busasshen gari ruwan hoda a gaban inji. Akwai kuma yoyon ruwa daga kwarin da ke tsakanin kawunan injin biyu, wanda ba a gani daga sama sai an haska bayan inji da tocila. Duk ana gyara su, kuma gara a gyara kafin Maris.

Man da take sha ba kaɗan ba ne: lita 15 zuwa 18 a kilomita 100. Daga Birnin Kebbi zuwa Yauri wajen kilomita 200 ne, zuwa da dawowa ke nan a ƙiyasta lita 65 zuwa 70 da na'urar sanyi a kunne. Tankin ta Amurka lita 93 ne, wasu na ƙasashen Larabawa suna da ƙarin tanki da ke kai su lita 138, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda ba ya son shan mai a gidan man da bai sani ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, wannan lissafi ya zama dole kafin saye. Ga wani abu da dillalai ba sa faɗa: LX570 ta Amurka an rubuta mata fetur mai daraja ta sama, Land Cruiser mai inji iri ɗaya kuwa an saita ta da na gama-gari, kuma fetur iri ɗaya ake sayarwa a gidajen manmu. A ganinmu, wanda tafiyarsa ta fi yawa a wajen gari Land Cruiser ta fi masa, wanda ya fi son shiru da laushin kujera ya ɗauki Lexus ya riƙe ƙa'idar AHC.

Sababbin, wato Land Cruiser 300 da LX600 da suka fito daga 2021, sun bar V8 sun koma V6 mai turbo biyu da giya goma. Sun fi ƙarfi, sun ɗan rage shan mai, amma turbo ba ya yafe baƙin mai na jabu. A 2024 Toyota ta yi kiranyen motoci sama da dubu ɗari a Amurka, Tundra da LX600 ƙirar 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya rage cikin inji tun daga masana'anta. Mai sayen LX600 ta Amurka ya sa a bincika lambarta a ga ko an yi mata wannan gyara.

GX460 da Prado

Ga wanda kuɗinsa bai kai na sama ba, GX460 ce mafi kusa. V8 mai lita 4.6, giya shida, tanki lita 87, tana shan wajen lita 14 a kilomita 100, kuma kayan ƙafarta da yawa ɗaya ne da na Prado 150, saboda haka ba a rasa su a Sakkwato ko Kano. A lura, masu tsada a cikin GX460 balan-balan na iska ne a ƙafar baya a maimakon sifirin. Prado mai silinda huɗu, lita 2.7, tana da juriya amma ba ta da numfashin wuce tirela a hanyar Koko in ta ɗauki mutum biyar da kaya. Mai son Prado don ayari ya nemi V6 mai lita 4.0.

Mercedes

ML350 ƙirar 2012 zuwa 2015, wadda aka sake wa suna GLE daga 2016, ita ce mafi sauƙin riƙo a gidan Mercedes. V6 mai lita 3.5, tana shan lita 12 zuwa 13, kuma a kan kwalta mai kyau ta fi Toyota natsuwa. Abin tambaya na farko shi ne sifirin ce ko balan-balan, domin iri biyun duka akwai. GL da GLS kuwa balan-balan ne duka. Yadda yake mutuwa a nan sananne ne: zafi da ƙura suna busar da robar, ta tsage, iska ta riƙa zurarewa, kwamfuresa ya yi ta aiki ba hutu har ya ƙone. Mai motar da ya ga gefe ɗaya ya sauka da safe ya ce ai tana tashi in an kunna, nan da 'yan makonni zai sayi balan-balan da kwamfuresa tare. Gwajin ba ya cin ko sisi. A ajiye motar da yamma a daɓe mai daidai, a auna da tef daga ƙasa zuwa bakin fenda a ƙafafu huɗu, a sake aunawa da safe kafin a kunna ta. Kusurwar da ta sauka tana yoyo. Ana canza su bibbiyu, hagu da dama.

Injin Mercedes yana son baƙin mai mai lambar amincewa 229.5 a jikin galan. Na gas masu suna BlueTEC a bar su, domin an yi su ne don gas mai ƙarancin farar wuta da wani ruwa na daban, AdBlue, wanda in ya ƙare motar tana ƙin tashi. G63 ita ce ke jan ido a ƙofar gidan biki, ƙafarta sifirin ce, tana shiga yashi ba fargaba. Amma tana shan wajen lita 18, kuma ƙirar kafin 2018 tana da taurin zama da ke gajiyar da dattijo a tafiyar Zuru.

Range Rover

Babu motar da ta kai ta daɗin zama a cikin waɗannan, wannan gaskiya ne. Ƙirar 2013 zuwa sama gangar jikinta alminiyam ce, mai gyaran jikin mota na bakin titi ba ya iya walda ta. Bututun ruwan injinta na roba ne, suna fashewa ba sallama, kuma injin alminiyam in ya tafasa sau ɗaya aka ci gaba da tafiya, magana ta koma ta sabon inji. V8 mai lita 5.0 na shekarun farko yana da matsalar sarƙar inji, alamarta ƙarar kwaram-kwaram in an tada shi da sanyin safiya, don haka kada a yarda mai sayarwa ya ɗuma motar kafin a iso. Shawararmu a kanta ɗaya ce: a saye ta kawai in akwai wanda ya san ta, mai kwamfutar dubata, da za a iya kaiwa gare shi a yini ɗaya, kuma a canza bututun ruwan tun ba su fashe ba.

Shi ya sa ƙidaya motocin 'yan ƙungiya ke da amfani. In bakwai cikin goma Toyota da Lexus ne, bakanike ɗaya da ke bin ayari ya ishe su, bel ɗaya da famfon ruwa ɗaya a but ɗin motar baya suna iya ceton kowa. Mai mota ita kaɗai irinta shi zai ɗauki kayansa da kansa.

Takardu da abin da fenti ke ɓoyewa

Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, kuma a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, abin da ya bar motoci da yawa a hannun mutane ba cikakken duti. Kada a biya sai an kai takardun ofishin kwastam an tabbatar sun dace da lambar motar. Lambar nan mai harufa da alƙaluma 17 a duba ta a ƙasan gilashin gaba da jikin ƙofar direba, su zo ɗaya. A motar Amurka, harafi na goma shi ne shekara: A 2010, D 2013, G 2016, J 2018. Wannan ne ke tona LX570 ta 2010 da aka sauya wa fitilu da bamba aka sa mata fuskar 2018. Sauya fuska ba laifi ba ne in an faɗa kuma farashi ya nuna. Da lambar kuma ake ciro tarihinta a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motocin Amurka, a ga ko ta yi babban haɗari ko ambaliya ta cinye ta. Wadda ruwa ya ci, a ɗaga kafet a duba tsatsa a ƙarafan kujera, a kuma ja bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai zanen laka. Wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu a bar ta ko nawa ne. Gilashi mai duhu yana buƙatar izinin 'yan sanda. Inshora mafi ƙanƙanta Naira 15,000 ce tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar da aka yi wa wani har miliyan uku, kuɗin da ba ya gyara gaban irin waɗannan motoci in aka yi karo a cikin ayari, saboda haka cikakkiyar inshora ta cancanci a sa ta a lissafi.

Taya kuma a ba ta muhimmanci fiye da yadda aka saba. Wili mai inci 21 ko 22 yana da kyan gani, amma robarsa siririya ce, rami ɗaya ya isa ya kumbura gefenta ko ya tsaga wilin. Inci 18 da taya 285/60 irin ta Land Cruiser ta fi jure hanya, ta kuma fi sauƙin samu. Alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan harufan DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka ƙera ta, 2321 na nufin mako na 23 a 2021, kuma hukumar kiyaye haɗurra tana ɗaukar taya ta ƙare bayan shekara huɗu. A tabbatar safaya cikakkiya ce, domin wasu Mercedes ƙarama suke zuwa da ita.

Da zarar mota ta zo hannu, kafin fitar farko da ƙungiya, a juye baƙin mai da man giya, a sa sabuwar matatar iska da ta cikin ɗaki, a wanke gaban lagireto daga ƙura. A duba ko wani bakanike ya cire mata tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, da sunan maganin zafi, in an cire a mayar. A zuba ruwan sanyaya inji na kamfani, ruwan hoda ga Toyota da Lexus, a daina na rijiya da ke barin gishiri a bututu. Sannan a gwada ta zuwa Argungu da dawowa da tsakar rana, na'urar sanyi a kunne, ido a kan allurar zafi. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba kowane ɓangare, kuma in akwai abin da zai bayyana, gara ya bayyana inda motar ja za ta iso daga Birnin Kebbi kafin la'asar.