Kafin ka sayi maganin ƙarfafa tattasai da barkono

Masu tambaya a kan bayostimulan, wato maganin ƙarfafa shuka, sun yi yawa, wai wanne za su saya don tattasai ko attarugu ya yi 'ya'ya. Toh da farko dai ba taki ba ne, ba kuma maganin kwari ba. Aikinsa ya taimaki shuka ta ci takin da ka ba ta, ta jure zafi da ƙishirwa. Ko Tarayyar Turai da ta yi masa doka a 2019 haka ta fassara shi. In gonarka ba taki, ko jarka guda ka zuba ba abin da za ka gani.

Ni dai ruwan ciyawar teku nake saya, musamman wanda aka tatso daga Ascophyllum nodosum, wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ake yanka a gaɓar arewacin tekun Atlantika. Akwai kuma na Ecklonia maxima daga Afirka ta Kudu, shi ma ba laifi wajen saiwa. Dalilina shi ne babbar matsalar tattasai zubar fure ce, zafi na wuce digiri 32 sai ka ga furen na kakkaɓewa tun bai ɗaura ba, kuma a nan ne ciyawar teku take nuna kanta, saboda tana rage wa shuka wahalar zafi da ta dashe. Ina jiƙa saiwa da shi ranar dashe, in fesa dab da fure, in ƙara lokacin da 'ya'ya suka fara ɗaurawa, da sassafe ko yamma lis. Abin da nake gani shi ne 'ya'yan da suka tsaya sun fi yawa, fatar ta fi kauri, ka matsa da yatsa ka ji shi tsantsan, baya saurin yaushi bayan tsinka. Amma in shuka na cikin jin daɗi, ruwa da taki sun wadata, bambancin kaɗan ne gaskiya. Kuma baya maganin ruɓewar gindin tattasai, wannan ƙarancin kalsiyam ne da ban ruwa na yau a yi gobe a fasa.

Akwai kuma wasu ire-iren bayostimulan ban da ciyawar teku. Humik da fulbik asid na gyaran ƙasa ne, suna da amfani a ƙasa mai yashi, amma ba za su ceci furenka ba. Amino asid yana aiki da sauri, saidai wanda aka yi da ragowar fatun dabbobi yakan zo da gishiri ya ƙona ganye. Masu rai irin su Trichoderma da maikoraiza kuwa, wato funfuna masu amfani ga saiwa, rana ta dake su a shago sun mutu, ka haɗa da maganin funfuna ka ƙarasa su.

Yanzu maganar jabu, wadda ita ce ta fi ci min rai. An taɓa sayar min da wani baƙin ruwa mai hoton tattasai jajir a jiki, na fesa, ganye ya yi kore shar har da sheƙi, tsiro ya yi ta tsawo, fure kuwa ya zube ƙasa. Yuriya ce aka narkar aka sa kala. Wasu ruwan rake mai kauri suke zubawa, wasu su saka sinadarin girma irin GA3 ba tare da sun rubuta ba, shuka ta miƙe siririya ba ƙwari. Don haka juya kwalbar ka karanta bayanta. In ba sunan ciyawar, ba kaso nawa ne a ciki, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa, ajiye musu kayansu. In ka ga naitirojin ya yi yawa a lebul, takin ganye ne aka canza wa suna. Duba murfi ko an taɓa ɓalle shi, kar ka yarda da wanda ake tsiyaya maka daga babbar jarka, kuma duk wanda ya ce zai ninka maka amfani sau biyu ƙarya yake wlh.

Ka sayi ƙaramar kwalba tukuna, ka fesa wa wasu layuka ka bar na kusa da su haka nan, taki ɗaya ruwa ɗaya, in an zo tsinka ka auna kowanne daban a sikeli.