Windows 10 ko Windows 11: amsa ga mai shagon buga takardu

Malam, ka tambaya ko ya dace ka ɗaga kwamfutar shagonka daga Windows 10 zuwa Windows 11, ka kuma bayyana cewa da ita kake buga takardu, kake zanen kati da CorelDRAW, kake cike wa mutane fom na makarantu da na neman aiki a intanet. Amsar ta rataya ne a kan abu biyu, wato irin na'urar da kake da ita da kuma yawan mu'amalarta da intanet, saboda haka zan jera maka hanyoyin biyu gefe da gefe.

Dalilin da ya sa tambayar ta zama ta gaggawa shi ne kamfanin Microsoft ya tsayar da ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, wadda ta fito tun shekarar 2015. Wannan ba ya nufin kwamfutar za ta daina kunnuwa ko takardunka za su ɓace. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro na wata-wata, wanda ke toshe kafofin da masu kutse ke ganowa. Misalinta kamar shago ne da kwaɗonsa ke nan daram, amma maƙerin da ke sauya shi duk lokacin da ɓarayi suka ƙera mabuɗinsa ya ajiye aiki. An ga illar rashin faci a watan Mayun 2017, lokacin da muguwar manhajar nan mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da na asibitocin Ingila, alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da facin da zai hana hakan, waɗanda abin ya shafa ne ba su ɗora shi ba. Mutumin da ke shigar da sunayen jama'a da lambobinsu na ɗan ƙasa, yake kuma karɓar filas daga hannun duk wanda ya shigo, amana ce a wuyansa, kuma wannan ne ya fi damuna a sha'aninka.

Ta fuskar tsaro ke nan Windows 11 ce a gaba. Ta fuskar na'ura kuwa Windows 10 ta fi sauƙin hali nesa ba kusa ba, domin tana tafiya a kan kusan duk wata kwamfuta ta hannu da ake saya a kasuwanninmu. Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana buƙatar RAM na aƙalla 4GB, da ma'ajiya ta 64GB, da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan firosesa ta kasance Intel zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Sharaɗin firosesar nan shi ne yake kayar da yawancin mutanenmu. HP EliteBook 840 G3 da ta cika shaguna zubi na 6 ce, ba ta cikin jerin, amma 840 G5 mai firosesa zubi na 8 ta shiga. Ka duba lambar firosesarka: idan ka ga i5-6200U, lamba ta farko bayan karan ita ce zubin, wato 6, idan kuma i5-8250U ce to zubi na 8 ne. Manhajar PC Health Check ta Microsoft za ta gaya maka matsayin na'urarka, kuma idan TPM kaɗai ta ce babu, sau da yawa a kashe yake a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, da sunan PTT ko fTPM, kunna shi kawai ake yi.

Idan na'urarka ta cika sharuɗɗan, shawarata ita ce ka ɗaga, domin kyauta ne ga mai Windows 10 ta halal. Sai dai ka sani 4GB ɗin da aka ambata mafi ƙarancin abin da za ta kunnu da shi ne, mai aikin zane kuwa ba zai ji daɗinta ba sai da 8GB da ma'ajiya irin SSD. Kafin ka taɓa komai ka kwashe ayyukanka zuwa wata ma'ajiya ta waje, ka tabbatar firintarka tana da direba, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, wanda ke aiki a Windows 11, domin tsofaffin firintoci da sikana su ne suka fi ba da wahala, ka kuma tanadi data mai yawa saboda saukewar tana cin gigabait da dama. Kada ka fara sai batirin laftof ɗin ya cika ko janareta na kunne, don ɗaukewar wuta ana tsakiyar aikin tana iya hana kwamfutar tashi. Bayan an gama kana da kwana 10 da za ka iya komawa Windows 10 idan wata manhaja ta ƙi aiki. Idan kuma ka ga an kunna BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan ma'ajiya, ka rubuta mabuɗinsa a takarda ka adana, domin in ya ɓace babu mai gyaran da zai iya buɗe maka bayananka.

Idan ba ta cika ba, za ka sami masu gyara da za su ce sun iya ɗora Windows 11 da manhajar Rufus, wadda ke tsallake binciken sharuɗɗan. Gaskiya ne tana hawa, kuma tana aiki a wurin mutane da yawa. Amma Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin aika wa irin waɗannan na'urori sabuntawa ba, kuma sabon zubin da ke fitowa duk shekara galibi sai an sake ɗora shi da hannu. Ga kwamfutar gida da ake kallo da karatu ban ga laifinsa ba, amma na'urar da iyali ke cin abinci da ita ba zan so a ɗora ta a kan abin da babu tabbas a kansa ba.

Abin da ya fi wa tsohuwar na'ura shi ne shirin ƙarin wa'adin tsaro mai suna ESU, wanda kamfanin ya sanar zai ba wa ɗaiɗaikun masu amfani faci har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Bisa sanarwar kamfanin ta shekarar 2025, ana shigarsa da dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta ga wanda ya haɗa saitin kwamfutarsa da asusun Microsoft, kuma dole Windows 10 ɗin ta kasance zubin 22H2. Jinkiri ne kawai na tara kuɗin wata na'urar. Linux Mint ma, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, tana farfaɗo da tsofaffin kwamfutoci kyauta, amma CorelDRAW ba shi da zubin Linux, don haka ba ta dace da shagonka ba.

Idan wa'adin ya ƙare ba ka sauya ba, ka raba aikin gida biyu: tsohuwar kwamfutar ka cire ta daga intanet ta ci gaba da zane da buga takardu, aikin fom da biyan kuɗi kuma ya koma kan na'urar da ke samun faci. Ranar da za ka sayi ta hannu, ka kunna ta a gaban mai sayarwa ka karanta lambar firosesar da idonka, domin ganin Windows 11 a kanta ba hujja ba ce cewa ta cika sharuɗɗan.